Ina Za Mu Kai Yara Su San Sunan Itace? Tambayoyinku da Amsoshinsu

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙun wannan wata kamar an haɗa baki: an ba da babban hutu, damina ta sauka, yara sun cika gida, ina za a kai su? Na zaɓi bakwai daga ciki. Wasu na taƙaita su saboda wuri, amma ban taɓa ma'anarsu ba.

TAMBAYA: Baba, ina wuni? Ni uwa ce mai ƴaƴa huɗu, muna zaune a Talladje. Maigidana ya je fatauci Gana, ya dawo da hotunan wani lambu kusa da Akara wanda babu komi cikinsa sai manyan itatuwa, kowane da sunansa a rubuce. Yara sun dame ni sai an kai su irinsa. Mene ne amfanin irin wannan wuri, kuma mu nan Yamai ina za mu nufa?

AMSA: Lafiya lau, ƴata. Daga kwatancenki, maigidanki lambun Aburi ya je, a kan tudu arewa da Akara. An buɗe shi a 1890. Na taɓa shigarsa sau ɗaya lokacin ina aiki, kuma har yau ina tuna wani rimi da ke tsakiyarsa, wanda ya girmi lambun kansa. Irin wannan wuri Nasara na ce masa arboretom. Gandu ne da ake tara itatuwa iri-iri a raine su da ransu, a kafa wa kowane ɗan allo mai ɗauke da sunansa da ƙasarsa ta asali. Mai bincike na zuwa ya duba yadda suke girma, mai neman iri na zuwa ya samu, iyali kuma su zo su sha inuwa su buɗe ido. Na Kew da ke Landan ya fi shi tsufa, tun 1759 yake.

Amma ni a wurina, abin da ya fi tsada a duk lambun shi ne wannan ɗan allon. Bari in gaya miki dalili.

Ina da jika ɗan shekara 9, a Lazare aka haife shi. Ya san sunayen ƴan ƙwallon ƙasashen da bai taɓa takawa ba. Wata Juma'a muna dawowa daga masallaci na nuna masa wani itace a bakin hanya, na ce mene ne sunan wannan? Ya ce, "Icce." Na nuna masa na biyu. Ya yi shiru, ya ce, "Icce mai ƙaya." Aduwa ce, ƴata. Allon da yake ratayawa kullum ya tafi makarantar malam, daga jikinta aka sassaƙo shi. Na yi shekara 31 ina renon dashe, ga jinina bai san aduwa ba. Daren nan barci bai zo mini da wuri ba. Yaron da duk itace "icce" ne a wurinsa, ranar da aka zo sarewa ba zai ji komi a ransa ba, don bai san abin da aka raba shi da shi ba.

To, ba sai kin jira kuɗin motar Gana ba. Ki fara da Muze, wato gidan tarihi na ƙasa mai sunan Bubu Hama, nan kusa da Gadar Kenedi. Tun 1959 yake. Jama'a na rugawa wajen zaki da dorina da kada, su ɗauki hoto gaban ƙasusuwan dabbobin dā da aka tono a Gadufawa ta jihar Agadas, su fita ba su ɗaga kai sun dubi abin da ke yi musu inuwa ba. Ke ki juya tsarin. Bar yara su ga dabbobin tukuna hankalinsu ya kwanta, sannan ki ja su ƙarƙashin itatuwa. Daga nan ki kai su wajen masu sana'ar hannu da wajen samfurin gidajen gargajiya, domin can ma itatuwa ne, sai dai sun sake kama. Fatar da baduku ke ɗinkawa, da ƴaƴan bagaruwa aka jeme ta. Tabarma kaba ce, kaba kuwa ganyen goriba ne. Azarar rufin soro giginya ce. Yaro ya taɓa abin da hannunsa, ki faɗa masa sunan uwarsa.

Wani wasa ne na fi so, kuma ba ya cin kuɗi da yawa. Kafin ranar fita, ki biya kasuwar Wadata ko Katako ki sayi ɗan abin da ya samu: magarya, aduwa, goriba, tsamiya, da ƙwallon kuka guda wanda ba a fasa ba. Ki zuba a kwando. Kowane yaro ya ɗauki ɗaya ya ɗanɗana, sannan a ba shi aiki: "Jeka nemo uwar wannan." Wasu za a same su ranar, wasu sai an yi sati ana dubawa a hanyar makaranta, a bakin kogi, ko ranar da aka je ƙauye. Hakan ma ya fi. Yaron da ya yi kwana goma yana neman goriba da idonsa, ranar da ya hango ta da rassanta masu rabuwa biyu-biyu, ya riƙe ta ke nan har tsufansa.

Kada ki wuce itace 5 a fita guda. Na ga iyaye masu himma suna jan yara daga wannan zuwa wancan har ashirin, a dawo gida ba wanda ya riƙe ko ɗaya. Ku fita da sassafe, da ruwan sha da tabarma da ɗan canji na shiga. Fita ta biyu ku bi lambunan bakin kogi ta Yantala ko Gamkale, inda masu renon dashe ke jera ƙananan itatuwa cikin leda. Mafi yawansu in aka gaishe su da ladabi, za su yi wa yara bayani fiye da yadda littafi zai yi. Ta uku ku zaga tsofaffin titunan Plato, ku ga maɗatan da aka dasa tun zamanin Faransawa.

TAMBAYA: Baba, barka da aiki. Ni malamin firamare ne a Bukoki, ɗalibaina 63. Ina son in fita da su yawon ganin itatuwa idan an koma, amma ina tsoron abin ya zama hayaniya kawai. Yaya ake shirya shi?

AMSA: Malam, Allah ya saka maka da alheri da wannan niyya. Yara 63 bayan mutum ɗaya ba yawon ilimi ba ne, kiwo ne. Raba su goma-goma, kowane rukuni da babba guda, ko cikin iyaye ne. Kai kuma ka je wurin kai kaɗai kwana biyu kafin ranar, ka zaɓi itatuwanka, ka san inda za a tsaya da inda za a zauna. A fara ƙarfe 7, a gama kafin 10.

Shawarata mafi girma: kada ka zama kai ne mai bayani. Da ɗan gari akan ci gari. Nemo tsoho makiyayi, ko masassaƙi, ko tsohuwa mai sayar da ganyen miya, ka roƙe su su raka ku. Masassaƙi zai gaya wa yara abin da ya sa turmin kirya ke daɗewa. Makiyayi zai gaya musu wane itace akuya ke so, wane take gudu. Tsohuwa za ta ba su labarin anza, yadda a shekarun yunwa ake jiƙa ƴaƴanta kwana da kwanaki ana sauya ruwa har ɗacin ya fita, a dafa a ci a rayu. Ni da bakina na ci dilo, wato dafaffun ƴaƴan anzar, a 1984, kuma ban taɓa wuce anza ban ji nauyinta ba. Irin wannan ilimin yana cikin kawunan mutanen da ke tafiya ɗaya bayan ɗaya.

Tunda Yamai ce, ajinka ba zai rasa Zabarmawa da Fulani da Buzaye ba. Ka yi amfani da wannan arzikin. Kowane itace a rubuta sunansa da duk harsunan da ke ajin. Aduwa ita ce garbey a Zabarmanci, magarya darey, tsamiya bosey. Za ka ga yaron da ba ya magana a aji ya ɗaga hannu, don yau an zo wurin da ya fi kowa sani. Sannan ka ƙara sunan kimiyya, ka bayyana musu cewa shi ma suna ne mai ma'ana kamar namu. Kuka ita ce Adansonia digitata. Kashi na farko don tunawa da Michel Adanson ne, Bafaranshen da ya yi nazarinta a Senegal a tsakiyar ƙarni na 18. Na biyu kuwa yana nufin mai yatsu. Sa yaro ya ɗora tafinsa kan ganyen babbar kuka, zai gane da kansa.

Ka tuna musu kuma da taswirar ƙasarmu. Magarya gari ce a jihar Damagaram, Bagaruwa gari ce a jihar Tawa, Gulbin Kaba na jihar Maraɗi. Kakanninmu da itace suke gane wuri.

Aikin hannu uku sun isa. Na farko awon kauri: yara su riƙe hannu su zagaye gindin itace, a ƙirga gaba nawa ne. Na biyu awon tsawo ba tare da an hau ba: kafa sanda mai mita 1, auna inuwarta, auna inuwar itacen a lokaci guda, raba ta biyun da ta farkon. In inuwar sanda mita 2 ce, ta itace mita 24, tsawon itacen mita 12 ke nan. Ka ga lissafi ya shigo ba tare da kowa ya ɓata rai ba. Na uku, kowane yaro ya tsinci ganye guda daga ƙasa, a danne shi cikin tsohuwar jarida ƙarƙashin dutse sati biyu, a liƙa a takarda a rubuta suna da rana da wuri. Masana tsirrai na duniya ma haka suke ajiye nasu.

Idan ka ga abin ya karɓu, nemi izinin darakta ku dasa iri 10 daban-daban a filin makaranta, yara su rubuta allunan da kansu. Ka kafa naka arboretom ke nan.

TAMBAYA: Kawu, ni ɗalibi ne a Jami'ar Abdu Mumuni. Na ga wani busasshen itace a cikin rumfa a Muze, aka ce itacen Tenere ne. Gaskiya abin bai burge ni ba. Me ya sa ake girmama shi haka?

AMSA: Ɗana, na gode da ka faɗi gaskiyarka. Abin da ka gani gawarsa ce. Labarin ne mai nauyi.

Kandili ne, irin mai ƙayar nan da ke cike da arewacin Adar da Azawak, wanda ba wanda ke waiwayarsa. Shi wannan sai ya tsaya shi kaɗai tsakiyar hamadar Tenere, a kan hanyar ayarin gishiri daga Agadas zuwa Bilma, inda ake kwanaki a kan raƙumi ba a ga wani itace ba. Saura ne daga lokacin da wurin ke da ruwa da ƴan'uwansa kewaye da shi. Suka mutu, ya rage. Saboda shahararsa har a manyan taswirori ana sa alamarsa, itace guda tak.

Da aka gina rijiya kusa da shi a ɗarin 1938 zuwa 1939, magina suka tarar da saiwarsa ta gangara har ruwa, zurfin mita 33 zuwa 36. Ka tsaya ka auna wannan a ranka. Abin da ke sama ɗan gajere ne, abin da ke ƙasa ya fi tsawon yawancin benayen da ka sani a garin nan.

Abin da ya fi taɓa ni kuwa shi ne halin mutanen ayari. Shekara da shekaru suna sauka gindinsa, da dubban raƙuma masu yunwa, da sanyin dare, da buƙatar wutar shayi. Ba wanda ya karya reshe, ba wanda ya bar raƙuminsa ya ci ganyensa. Babu soja, babu mai gadi, babu tara. Kunya ce da sanin darajar abu suka tsare shi. Sai a 1973 wani direban babbar mota ya banke shi ya faɗi, cikin filin da ba shi da iyaka. Ranar 8 ga Nuwamba 1973 aka kawo shi Yamai. A gurbinsa yanzu itacen ƙarfe ne ke tsaye.

Ka koma ka sake dubansa. Wannan karon ka tafi da ƙanenka, ka ba shi labarin a gaban itacen.

TAMBAYA: Baba, muna gaisuwa daga Tawa. Muna gardama da abokaina a majalisa: me ya sa gawo ke zubar da ganye da damina alhali kowane itace lokacin yake tohowa? Kuma mu nan da ba mu da Muze, ina za mu kai baƙi su ga itatuwa?

AMSA: Ɗana, a gaishe mini da ƴan majalisa da duk mutanen Adar, can cibiyata take.

Gawo saiwarsa mai zurfi ce ƙwarai, tana shan ruwan da ke can ƙasa, shi ya sa yake iya yin kore shar cikin rani lokacin da sauran suka bushe. Da ruwan sama ya sauka sai ya kaɗe ganyensa ya huta. Ga manomi babu abokin zama kamarsa. Ganyen na zuba daidai lokacin shuka ya zama taki. Rassan sun zama tsirara, rana na isa ga hatsi. Da rani dabbobi na kwana a inuwarsa suna cin ƴaƴansa, suna barin kashinsu a gindinsa. Shi kansa dangin wake ne, saiwarsa na ƙara wa ƙasa ƙarfi. Kowane manomi ya san hatsin gindin gawo ya fi na fili tsawo da kaurin zangarniya. Tsofaffin Damagaram na ba da labarin cewa a zamanin Sarki Tanimun, cikin ƙarni na 19, saran gawo laifi ne da ake iya biya da rai. Yau ma dokar gandun daji ta ƙasarmu ta sa shi cikin itatuwan da aka kare.

Batun inda za ku kai baƙi kuwa, ku ne masu arziki. Ku kai su kwarin Majiya wajen Buza. A 1975 aka fara dasa shingayen dogon yaro can tare da ƙungiyar agaji ta CARE, layi biyu-biyu, tazarar mita 100 tsakanin shinge da shinge, an gitta su gaban iska. Ina saurayi lokacin, ina cikin masu ɗaukar ruwa zuwa wurin reno. Kafin nan iska na kwashe ƙasar gona ta binne shuka, mutum ya shuka sau uku a damina guda. Da shingayen suka tashi, iska ta karye, kuma daga baya ƙauyuka suka riƙa sassabe rassan suna raba itacen gini da na girki. Ku hau tudu ku leƙa kwarin da hantsi, za ku ga layukan kamar an ja su da igiya. Daga nan ku wuce Keita, inda aka fara babban aikin farfaɗo da ƙasa a 1984 tare da Italiya da FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, mata suka ɗauki duwatsu a ka suka yi wa tuddai kunyoyin tare ruwa har itace ya koma inda ya ƙaura.

Mai son ganin abin da ya fi wannan girma ya bi hanyar Maraɗi zuwa Damagaram. Can manoma ba dasawa suka yi ba. Kututturen da ke tohowa cikin gona suka daina ƙonewa, suna zaɓen reshe biyu ko uku masu ƙarfi su bari, su sassabe saura. Masu bincike sun ƙiyasta itace wajen miliyan 200 a kan fili mai yawan gaske, hekta miliyan 5. Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya da ya zauna Maraɗi yana yaɗa dabarar tun farkon shekarun 1980, ya samu babbar lambar yabo ta duniya a 2018. Amma hannun da ya riƙe adda, na manomi ne.

TAMBAYA: Malam, ni tsohuwa ce a Zongo. Na ga maɗatan bakin titi duk an saɓule musu ɓawo. Ni ma nakan aiki yaro ya ɗebo mini don ciwon ciki. Laifi ne?

AMSA: Hajiya, Allah ya ƙara lafiya. Ba zan ɓoye miki ba, cutarwa ce. Abincin da ganye ke haɗawa, ta ƙarƙashin ɓawo yake bi ya sauka zuwa saiwa. In an ɗiba gefe guda kaɗan, itace na iya warkewa a hankali. In an zagaye gindin duka, an yanke masa maƙogwaro, ko da ganyensa na nan kore, mutuwa yake yi a tsaye. Matsalar itacen birni ita ce kowa kaɗan yake ɗiba, amma masu ɗibar ɗari ne. Kuka ce kawai na sani mai jure wannan, tana mayar da ɓawonta bayan an saɓe don igiya. Maɗaci ba haka yake ba. A wurin da aka keɓe don jama'a, a bar ɓawo a jikin mai shi. Ciwon cikin da ya ƙi tafiya kuma, don Allah a je likita a duba.

Tunda maganar ta zo, iyaye masu fita da yara su kula da uku: tumfafiya, wadda farin ruwanta ke illa ga ido; ƴaƴan cin-da-zugu; da ƴaƴan zurma. Biyun ƙarshe suna kama da abin ci, kuma guba ne. Doka ɗaya za a kafa wa yara tun daga gida: ba a kai komi baki sai babba ya gani. Da damina a sa takalmi, kada a cusa hannu cikin kogon itace, kuma in hadari ya taso a bar gindin itace nan take.

TAMBAYA: Baba, shingen itatuwan da ya kewaye Yamai fa? Ya dace a kai iyali? Da kuma Kure wajen raƙuman dawa?

AMSA: Ɗana, a 1965 aka fara dasa wannan shinge, da niyyar ya kai hekta 2,500, mafi yawansa dogon yaro, don ya tare wa birni iska da ƙura. Na yi aiki cikinsa, kuma ganin yadda gine-gine da juji suka cinye wani babban sashe nasa na sa ni baƙin ciki. Akwai sauran wurare masu inuwa mai kyau. Ku je da rana, cikin jama'a, kada yara su yi nisa. Ni ina son a riƙa zuwa, don wurin da iyalai ke zama ba ya saurin zama juji. Ka gaya wa yaran kuma cewa dogon yaro baƙo ne, daga ƙasar Indiya asalinsa yake.

Kure na da nisan kilomita wajen 60, kuma raƙuman dawanta su ne irinsu na ƙarshe a Afirka ta Yamma. A 1996 ba su wuce 50 ba, kariya ta sa suka haura 600. Ganinsu suna miƙa wuya cikin gawo abu ne da ba a mantawa. Sai dai sha'anin tsaro ya sauya. Kada ka ɗauki iyali zuwa can, balle gandun dajin W, sai da izini da shawarar hukuma.

TAMBAYA: Baba, ranar 3 ga Agusta na zuwa. Gidanmu ƙarami ne a Banifandu, amma ina son kowane cikin ƴaƴana uku ya dasa nasa. Me za mu dasa, kuma yaya za mu yi kada ya mutu kamar na bara?

AMSA: Ƴata, kin faranta mini rai. Tun 1975 ranar samun ƴancin kanmu ta zama ranar dashen itace, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya faɗa cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga dashen musulmi, sadaka ce gare shi. Amma na halarci bukukuwan dashe da yawa. Akwai shekarar da muka dasa ɗaruruwa a harabar wata ma'aikata, da kiɗa da jawabi, na koma cikin Afrilu ban tarar da ko goma da rai ba. Ba wanda aka ɗora wa ban ruwa. Dashe kwana ɗaya ne, reno shekara biyu.

A ƙaramin gida kada ki sa dogon yaro ko maɗaci kusa da bango ko masai, saiwarsu na neman wuri. Ga abin da zan zaɓa miki. Ƙaramin yaro a ba shi zogale, don yana saurin girma, kafin ƙarshen shekara zai ga ganyen itacensa cikin dambu, ba zai gaji da jira ba. Na tsakiya a ba shi lemun tsami. Babban a ba shi magarya mai aure, wato wadda aka haɗa reshen iri mai kyau a jikin ta daji, wadda ake ce wa tuffar Sahel, irin da cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore ta yaɗa. Ƴaƴanta sun ninka na magaryar daji girma, kuma tana da juriyar uwarta. Sai a kula, duk reshen da ya fito ƙasa da wurin auren a cire shi, in ba haka ba ta koma ta daji.

A gina rami mai faɗi da zurfin santimita 50. Ƙasar sama a ware ta gefe, a gauraya da takin da ya ruɓe sosai, ita za a fara mayarwa. Ɗanyen taki na ƙona saiwa kuma yana kiran gara. A yi dashen da yamma, bayan an yi ruwa. A yanke gindin ledar da reza, a tsaga gefenta a cire ta gaba ɗaya ba tare da ƙasar ta watse ba. Na sha tono matattun dashe in tarar da leda na nan ta shaƙe saiwa, mai yiwuwa abin da ya kashe naku na bara ke nan. Kada a binne wuyan itacen fiye da yadda yake cikin leda. A danne ƙasa da ƙafa, a yi masa ɗan gurbi mai riƙe ruwa, a kewaye shi da ƙaya ko tsohon kwando tun ranar, don akuya ba ta jiran gobe.

Damina za ta ɗauke muku wahalar wata biyu. Daga Oktoba aiki ya dawo hannun yara. A binne ƙaramin tulu ko gorar roba mai ƴan huji a gefen kowane dashe, a riƙa cikawa, a rufe bakin, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa a gindin. Ruwan alwala da na wankin shinkafa duk sun isa, ban da mai sabulu da yawa. Kowane yaro ya sassaƙa ɗan allo, ya rubuta sunan itacen da Hausa da Zabarmanci, da ranar dashe, da sunansa shi kansa a ƙasa. Ran 3 ga kowane wata a auna tsawo a ja layi a bango.

Afrilu da Mayu ne jarrabawa. Idan sun ƙetare su da rai, ki rubuto mini ki faɗa mini tsawon kowane.